Ɓaure da Cuku don Mubina

Rana ta cinye launin takardar da ke jikin ƙunshin ɓauren, amma ta gefe ɗaya kawai, gefen da ke kallon titi. Da gani ya yi watanni a ƙarshen teburin Malam Kassim mai dabino, tsakanin kwalaben zuma da tarin carbi, ba wanda ya taɓa juya shi. Kullum ta gaban teburin nake bi in zan hau trotro, motar haya, zuwa wurin aiki. Ban taɓa lura da shi ba sai ranar Talatar nan, ranar da ƙawata Mubina ta rubuto mini cewa za ta zo gidanmu.

"Ɓaure?" in ji Malam Kassim, yana goge ƙunshin da hannun rigarsa. "Tun dawowar alhazai yake nan. Mutanenmu dabino suka sani. Magani za ki haɗa ne?"

"A'a, ci za mu yi."

Na nuna ƙaramar kwalbar man zaitun. Ya miƙo mini, ya tambaya ko na shafawa ne ko na sha, domin in ciwon gwiwa ne gara a haɗa da habbatus sauda. Na ce shi ma ci za mu yi. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "To, Allah ya sa albarka, 'yar Osmanu."

Shekara huɗu muka yi ɗaki ɗaya da Mubina a jami'ar Tek ta nan Kumasi. Ni ba mai magana ba ce. A aji, ko na san amsa sai in jira wani ya faɗa. Ita kuwa ko da mai gadi sai ta tsaya hira. Duk mutanen da na sani a jami'a ta hanyarta na san su, kuma da muka gama suka tafi tare da ita.

A shekararmu ta ƙarshe wata malamarmu ta gayyaci 'yan ajinmu gidanta. An cika teburi da ƙananan abubuwa iri iri, yawancinsu da nama a kai, naman da ba mu san asalinsa ba. Mu biyu ne masu hijabi. Muka raɓe a kusurwa da kofunan lemo a hannu, yunwa na cin mu, sai Mubina ta hango wani faranti can gefe: yankakken burodi gasasshe, an shafa masa farin cuku mai laushi, an ɗora rabin ɓaure, an ɗiga zuma. Ta je kicin ta tambayi mai girkin, ta dawo tana ƙunshe dariya.

"Cukun akuya ne, Basi. Akuya halal ce. Ki tsaya ta nan ki kare ni."

Mu biyu muka tashi da farantin. A hanyar komawa ɗaki ta riƙe hannuna ta ce, "Ranar da na zo gidanku, wannan za ki yi mini. In ba shi, ko zama ba zan yi ba."

Ba ta taɓa zuwa ba. Gidansu na unguwar Oforikrom, mota ɗaya ce tsakaninmu, kuma na je ban san iyaka ba. Wata goma sha huɗu ke nan da gama karatunmu. Da farko kullum muke waya, sai ya koma mako mako, sai ya koma in ta sa hoto in danna mata alamar zuciya. Yanzu ta sami aiki a Akara, ranar Lahadi da safe za ta tafi. Saƙonta gajere ne: "Kafin in tafi sai na ga gidanku. Asabar bayan La'asar." Na san in ta tafi ba ta zo ba, abin da zai rage tsakaninmu shi ne hotunan nan.

A waya an rubuta cewa minti goma sha biyar ake haɗa abincin. Wanda ya rubuta yana da cukun akuya a firij ɗinsa. A kasuwarmu wagashi kawai ake samu, na nonon saniya, mai tauri, wanda ake soyawa a jefa a miya. Na san ba shi ba ne.

Gidanmu gidan haya ne mai ɗaki goma sha ɗaya. Babana Osmanu direban babbar mota ne, rabin shekara yana hanyar Yamai. Tun rasuwar mahaifiyata nake tare da ƙanwarsa, Anti Ajara, wadda ke sayar da shinkafa da wake a ƙofar gida. A ɗakin ƙarshe, jikin katanga, Kaka Safiatu take. Ba kakata ba ce, duk gidan haka ake kiranta. Daga Tawa aka kawo ta Kumasi tana amarya, fiye da shekara hamsin da suka wuce, har yau harshenta bai bar can ba. Ɗanta mai fataucin albasa ya taɓa kawo mata akuya daga arewa, doguwa mai jan gashi, ba irin gajerun awakin nan ba. Da nononta take dama furarta kowace safiya.

Na same ta ranar Laraba tana tatsa, ta dafe goshinta a cikin akuyar.

"Kaka, ina kwana."

"Lafiya lau, ɗiyata. Yau boko ya ba da hutu, aka tuna da mu?"

Na tsuguna. Na daɗe ina kallon nonon na zuba a ƙwarya kafin in iya cewa, "Nono nake so. Na kwana uku. Cuku zan yi."

Hannunta ya tsaya. Ta juyo ta dube ni sosai.

"Mi kika ce?"

"Cuku."

"Cuku," ta maimaita a hankali. "Rabona da in ji kalmar ga a bakin wani cikin gidan ga, tun maigidana na da rai." Ta goge hannu a zaninta, ta shiga ba ni labarin yadda suke yi a garinsu: a shimfiɗa shi fale-fale a kan tabarmar kara, a bar wa rana har ya bushe ƙamas, matafiyi ya sa a aljihu ya yi wata yana ci da shayi.

"Ni mai laushi nake so, Kaka. Wanda za a shafa a burodi."

"Cuku mai laushi ai bai gama zama cuku ba." Ta ci gaba da tatsa. "Wa za shi ci?"

"Ƙawata. Za ta zo ranar Asabar."

"Ke ma kina da ƙawa?" Ba da zolaya ta faɗa ba, tambaya ce kawai. "To, madalla. Kawo kwano."

Safiya uku tana miƙo mini kwanon, ina kaiwa firij ɗin Hadija mai kitso, wadda ɗakinta ke kusa da namu. Sai daga baya na lura cewa a kwanakin nan da ruwa Kaka ke dama furarta.

Ranar Juma'a da yamma muka ɗora tukunya a ƙofar ɗakinta. Na riƙe waya ina karantawa, ita ta riƙe ludayi ba ta saurare ni ba. Da ƙananan kumfa suka fara fitowa a gefen tukunyar ta ce in sauke. Na matsa lemun tsami, muka zuba ido. Nonon ya tsinke, fari ya ware gefe, ruwa mai launin ɗorawa ya taso. Ta shiga ɗaki ta yago gefen wani tsohon farin mayafi, ta wanke, muka juye a ciki, ta ƙulle ta rataye a ƙusar da take rataye carbinta. Ya kwana yana ɗiga a cikin kwano.

Da safe abin da ya rage bai fi dunƙulen hannuna ba. Na barbaɗa gishiri na murje da cokali. Ta lakata da ɗan yatsa, ta rufe ido.

"Ba na garinmu ba ne," ta ce. "Amma ɗan'uwansa ne."

Na sayo burodin shayi dogo guda biyu, paanu kamar yadda muke kiran burodi a nan, domin na sukari ya cika zaƙi kuma ba ya yankuwa. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina yanka shi sirara, a karkace kamar yadda na gani a hoto, Anti Ajara ta shigo da tukunyarta a kai, ta gama cinikin safe. Ta tsaya a kaina.

"Wannan kuma na kaji ne?"

"Na baƙuwata ne, Anti."

"Ei! Hadija, fito ki gani." Hadija ta leƙo da mataji a soke a gashinta. "Yarinya za ta taso tun daga Oforikrom, 'yar mutane, ta shigo gidan Osmanu, a ba ta ɓawon paanu."

"Ba ɓawo ba ne. Za a ɗora abubuwa a kai."

"Nama?"

"Ɓaure. Da cuku."

Hadija ta tuntsire da dariya har ta dafa bango. "Anti, bar ta. Abincin masu digiri ke nan. In mutum ya ƙoshi da karatu, ciki ba ya neman tuwo."

"Digirin me? Uwarta za ta tambaye ta me aka ba ta a nan unguwar Zango. Ta ce paanu? Gobe a ce gidan nan ba a hura wuta." Anti ta sauke tukunya. "Bari in ɗora shinkafa. Akwai kaza a firij ɗin Hadija."

"Anti, don Allah kada ki dafa komai."

"Ke dai yi naki wasan, ni in yi abinci."

"Na ce kada ki dafa!"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ni kaina na tsorata da jin ta. Har akuyar ta ɗago kai. Kuma maimakon in ba da haƙuri, sai bakina ya ci gaba da kansa. Na ce ko za a sauke shanyar da ke kan igiya kafin La'asar. Ko za a kawar da bokitan bakin famfo. Ko masu kitso za su koma ta baya, yau kaɗai.

Anti ta dube ni, ta dubi Hadija.

"To," ta ce. "Madam ta ce a kwashe."

Na zaci fushi za su yi su ƙyale ni. Amma a gidanmu baƙon mutum ɗaya na kowa ne. Kafin azahar an sauke shanya duka, har wadda ba ta bushe ba, an tara a cikin baho. Hadija ta mayar da masu kitsonta bayan ɗaki, inda babu inuwa. Anti da kanta ta duƙa ta wanke kwatar tsakar gida da sabulu da tsintsiya. Matar ɗaki na huɗu ta aiko mini da kofunan gilashinta na aure. Aka ɗaure akuya can bayan bayi. Ban taɓa ganin gidanmu da faɗi haka ba, kuma duk faɗin nan Mubina yake jira.

Ba mu da abin gashi, sai na hura gawayi a kurfoti, murhunmu na ƙarfe, na ɗora kasko. Na shafa wa kowane yanki man zaitun da bayan cokali. Na farko sun ƙone, domin wutar ta yi yawa. Na rage gawayin, na tsaya a kansu ina juyawa da yatsa har suka yi ja a gefe, suna ƙara in an ƙwanƙwasa. Ɓauren kuwa tun safe na jiƙa shi a ruwan ɗumi, ya kumbura ya yi laushi. Ina raba shi biyu da wuƙa Kaka ta zo wucewa da butarta.

"Ke! Mai cin ɓaure ba ya tona cikinsa."

"Wannan ba ƙwari a ciki, Kaka. Duba."

Ta karɓa ta kai kusa da ido, ta ga 'ya'yan sun cika shi kamar gero. "Na Larabawa ne," ta ce. "Ko ƙwari ba su san shi ba." Ta ɗauki yankin burodi ɗaya ta kai baki. Haƙora uku suka rage mata. Ta gwada ta dama, ta gwada ta hagu, ta fito da shi yadda yake.

"Wanga ai sai ku masu haƙori."

Ta wuce da shi, ta jefa wa akuya can bayan bayi.

A waya an ja kunne cewa kada a shafa cukun sai baƙi sun iso, in ba haka ba burodin zai jiƙe. Na karanta wannan sau uku. Na yi wanka, na yi La'asar, na sa doguwar rigata mai ruwan toka wadda Mubina ta taɓa cewa ta yi mini kyau. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna wayata ta yi ƙara.

"Ina hanya."

A Kumasi aka haife ni. Na san mai cewa yana hanya wataƙila soso ne a hannunsa. Na sani sarai. Amma na lissafa daga Oforikrom zuwa nan, na ƙara cunkoson ranar Asabar, na ce minti talatin. Na so ta ɗaga labule ta tarar da shi a shirye, yadda muka gan shi a gidan malamar. Sai na zauna na shafa cukun a kan duka ashirin da huɗun. Da ƙyar ya isa, na ƙarshen sai da na kankare kwanon. Na ɗora rabin ɓaure a kan kowanne, na ɗiga zuma da bakin cokali, na jera su a farantin da Anti ke fitarwa ranar Salla kawai. Na rufe da abin rufe abinci mai raga, na ajiye a kan teburin ɗaki.

Sun yi kyau. Na tsaya ina kallonsu ni kaɗai.

Daga ɗakinmu ana jin titi. Duk keken da ya rage gudu a ƙofar gida sai in miƙe. Sau ɗaya aka yi sallama, na fito har da gyara hijabi, ashe mai gawayi ce. Matan gida na zaune a ƙofofinsu, kowa ta canza zani, kowa na yin kamar wani abu take yi.

Ƙarfe biyar Anti ta leƙo. "Ko ta ɓata hanya ne? Ki ce ta sauka a bakin masallaci, ni in je in taho da ita."

"Tana hanya, Anti."

Na kira. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na rubuta, "Kin kusa?" Na goge. Na rubuta, "Ki sauka a bakin babban masallaci." Na tura. Alamar ta nuna ya shiga, ba ta nuna an karanta ba.

Biyar da rabi na ɗaga ragar na taɓa ɗaya. Ruwan cukun ya sauka cikin burodin, zumar ta gangara ta taru a ƙasan faranti. Na ɗaga shi, ya lanƙwashe a hannuna.

Ta gefen labule na ga Hadija ta fito da bahon wankinta. Ta tsaya jim, ta dubi ƙofar gida, sannan ta fara shanyawa a hankali, ba ta kaɗa kayan kamar yadda ta saba, don kada su yi ƙara. Ba ta dubi ɗakinmu ba. Na yi ta jira wani ya yi mini ba'a, a ce ina baƙuwar Madam, in ji haushi in huta. Ba wanda ya ce komai.

Can na hango Kaka Safiatu ta fito daga ɗakinta. Ta yafa babban mayafinta na shuni, wanda sai Idi take fitar da shi, ta sa kwalli, ta riƙe 'yar jakarta. Ta bi ta ƙaramar ƙofar baya ta fita. Na ɗauka barka ko gaisuwa za ta a maƙwabta.

Ba a fi minti biyar ba aka rangaɗa sallama a babbar ƙofa.

"Salamu alaikum, masu gida!"

Anti ta amsa, sannan na ji ta ce, "Kaka? Lafiya? Ba yanzu na gan ki a ciki ba?"

"Ke, haka ake tarbar baƙo a garin ga? Nan ne gidan su Basiratu ɗiyar Osmanu?"

Hadija ce ta fara ganewa. Ta saki rigar da ke hannunta cikin baho.

"Nan ne, Hajiya. Maraba, maraba. Sannu da hanya. Basiratu! Kin yi baƙuwa!"

Anti ta karɓi jakar daga hannunta kamar wadda ta sha doguwar tafiya, ta rako ta har ƙofarmu. Kaka ta tuɓe takalmi ta sake yin sallama, ba ta shigo ba sai da na amsa. Na nuna mata kujerar da na shimfiɗa wa sabon zani. Shekarata ashirin da huɗu a gidan nan, ban taɓa ganin ta zauna a kan kujera a ɗakinmu ba.

Ta zauna, ta gyara mayafi, ta zuba mini ido tana jira. Sai na tuna. Na ɗauko ɗaya daga kofunan gilashin, na zuba ruwan sanyi, na durƙusa na miƙa mata. Ta sha rabi.

"Ina wuni, Hajiya."

"Lafiya lau. Ina gajiya? Ina maigidan, yana hanya ko ya sauka? Ina aiki? Ina mutanen gida, manya da yara?"

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina amsawa, kamar ba ita ce ta ga fitar babana da idonta makonni uku da suka wuce ba. Da gaisuwa ta ƙare ta sake zuba mini ido tana jira. A garin nan ko ka san abin da ya kawo baƙo sai ka tambaye shi.

"Hajiya, lafiya dai kika taho?"

"Lafiya lau. Daga Tawa nike. Labari ya iske mu can cewa wata ɗiya a Kumasi ta yi cuku, na ce sai na gani da idona."

Na ɗauko farantin na ajiye a gabanta, na ɗage ragar. "Ya lalace, Kaka. Ya jiƙe. Ba haka ake…"

"Hajiya," ta gyara mini. Ta yi bisimilla, ta ɗauki ɗaya da hannu biyu don kada ya karye, ta kai baki. Na ga muƙamuƙinta na motsi a hankali. Ta daɗe tana taunawa. Ta haɗiye, ta lashe zumar da ke yatsanta.

"Ɗazu faɗa ya yi da ni," ta ce. "Yanzu ya san girma."

Ta ɗauki na biyu. Ta ce gishirin ya yi daidai, amma zumar ta so ta danne cukun, nan gaba in rage. Ta ce a garinsu akwai itacen ɓaure a bakin rijiya, suna yara sukan hau su ci har cikinsu ya yi ciwo, kuma wata ƙawarta Ramatu ta taɓa faɗowa ta karya hannu, aka ɗaure da kara. Ba ta san ko Ramatu na da rai ba. Wanda ya zo mata daga gida na ƙarshe, shekara tara ke nan, shi ma asibiti ya kawo shi.

"Ci mana," ta ce. "Baƙo ba ya ci shi kaɗai, sai a ce mayunwaci ne."

Na ɗauki ɗaya. Tsamin cukun, zaƙin ɓauren, 'ya'yan na fashewa a haƙori. Ɗanɗanon shi ne, daidai da na gidan malamar. Na so in faɗa wa wani cewa shi ne, amma mutum ɗaya ce a duniya ta san da me zan kwatanta.

Mun ci wajen goma tsakaninmu wayar ta yi ƙara. Saƙon murya ne. Na kara a kunne, amma ɗakin shiru ne, kuma muryar Mubina ba ta san ƙasa ƙasa ba.

"Basi, don Allah kada ki kashe ni! Wallahi na fito da niyyar zuwa, na biya kasuwar Adum sayen akwati, sai 'yan ajinmu suka tsare ni, wai sai sun yi mini ban kwana. Ga mu nan a wani wuri, an cika paa, ba masaka tsinke. Da ma kin zo! Au, magariba ta kusa, Anti ba za ta bar ki ba. In na dawo hutu gidanku zan fara sauka, na rantse. Ba ki dai wahalar da kanki da girki ba ko?"

A bayan muryarta ana ta dariya da ƙarar cokula. Na gane muryoyi uku. Wani ya kira sunanta, ta ce tana zuwa, saƙon ya yanke.

Na riƙe wayar a cinyata. Na rubuta, "A'a, ban yi komai ba. Allah ya kiyaye hanya." Na tura. Nan take alamar ta nuna an karanta, sai ga hoton zuciya ja ya shigo.

Ladanin masallacin unguwa ya fara gyaran murya a lasifika. A tsakar gida ana ta jan ruwa a buta. Kaka na riƙe da rabin yanki, ta ƙarasa shi a hankali, ta shanye sauran ruwan kofin. A ƙa'ida yanzu ne za ta ce za ta koma, in ce tun da wuri, ta ce dare na yi, in ɗauki jakarta in raka ta har titi. Na san duka. Na kasa ɗaga kaina daga kan wayar, domin na san in na ɗaga abin da zai faru da fuskata.

Na ji idonta a kaina na ɗan lokaci. Sannan ta jawo ragar ta rufe abin da ya rage a farantin. Ta dafa hannun kujera ta miƙe, ta ɗauki jakarta da kanta. A bakin ƙofa ta duƙa ta kwashi takalmanta a hannu, ta saki labulen a hankali har ya rufe ni, ta nufi babbar ƙofa, ta inda baƙi ke fita.